Kafin ka sayi bindigar feshin mota, fara tambayar iskar da za ta ci

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Facebook, na tabbata ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan: tsohuwar mota da rana ta ƙone mata fenti, wani ya ɗauko bindigar feshi ya yi gaba ya yi baya, cikin daƙiƙa 30 mota ta koma kamar yau aka sauke ta daga jirgin ruwa. Nan take zuciyarka za ta ce maka, "Ai wannan ni ma zan iya." Kuma gaskiya ne, za ka iya. Sai dai akwai wani abu da kyamara ba ta cika haskawa ba, wato injin da ke can gefe yana ruri yana turo iska. A kan wannan injin ne ni da ɗan baffana muka yi asarar kuɗin da muka shafe zango guda muna tarawa.

A hutun da ya wuce muka haɗa 'yan kuɗinmu muka shiga kasuwa. Muka zaɓi bindiga mai ƙyalli, irin wadda muke gani a hannun Turawa a YouTube, sannan da canjin da ya rage muka ɗauki kwamfiresa mai tanki lita 50. Mai shagon ya ce mana ko tirela za ta fesa. Yayana ya yarda ya ba mu bonet ɗin Corollarsa mu gwada hannu. Minti ɗaya na farko komai lafiya lau. Daga nan sai bindiga ta fara tofi maimakon feshi, fenti na fita gudaji-gudaji, can kuma sai ga ɗigon ruwa a kan aikin. Da ya bushe, Yaya ya zo ya shafa da tafin hannu, ya dube ni ya ce, "Ƙanena, wannan bonet ne ko ɓawon lemo?" Ƙarshenta dai sai da muka biya wani mai fenti ya goge aikinmu da sanfefa ya sake sabo.

Abin da ya ba ni mamaki, da muka kai wa mutumin kayanmu ya duba, ko kallon bindigar bai yi ba. Tsugunawa ya yi ya karanta 'yar takardar da ke manne a jikin kwamfiresa, ya girgiza kai. A ranar na gane cewa mun fara sayayya ne daga ƙarshe. Don haka idan kana da niyyar fesa motar gidanku, ko kana tunanin mayar da abin sana'a, ga abin da na so a ce wani ya faɗa mini tun kafin na zaro kuɗi.

Aikin na iska ne, bindiga 'yar aike ce

Bindigar feshi, wadda masu fenti ke kira gan, ba ta da wani ƙarfi nata na kanta. Iska ce ke fitowa ta ƙananan ramukan da ke bakinta, ta farfasa ruwan fenti ya koma kamar hazo, sannan ta kwantar da shi a jikin mota. Asalin dabarar ma daga wajen likita ta fito. A 1888 wani likita a garin Toledo na Amurka, Allen DeVilbiss, ya ƙera 'yar na'urar fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya, a 1907 kuma ɗansa Thomas ya juya dabarar zuwa feshin fenti. Har yau akwai bindigogi masu ɗauke da sunan gidan.

Lambobi biyu ne ke bayyana iska, kuma yawancinmu ɗaya kawai muka sani. Ta farko ita ce PSI, ko ba, wato ƙarfin matsin iskar. Ba 1 ya kai kusan PSI 14.5. Ta biyu ita ce CFM, ko lita a minti, wato yawan iskar da ke fita a kowane minti. CFM 1 daidai yake da kusan lita 28 a minti. Kusan kowace kwamfiresa, har da 'yar ƙaramar nan, tana iya kai ba 8, wato kusan PSI 116, alhali yawancin bindigogin zamani ba 2 kawai suke so. Ka ga ke nan matsi ba shi ne damuwa ba. Yawan iskar ne ke kayar da mutane.

Ɗauki misalin wayarka. Tankin kwamfiresa kamar batir ne, famfon da ke cika shi kuma kamar caja. Idan kana kallon bidiyo wayar na shan caji fiye da yadda cajar ke ba ta, komai girman batir sai ta mutu. Girman batir lokaci kawai zai ƙara maka.

Bindigogi iri uku da za ka tarar

Ta farko ita ce tsohuwar ƙira, mai gwangwani a ƙasa, wadda ke zuƙo fenti zuwa sama. Tana da araha, tana da juriya, har yanzu ita ce a hannun masu fesa ƙofofi da tagogin ƙarfe. Aibinta shi ne ɓarna. Tana aiki da matsi mai yawa, don haka kusan kashi ɗaya cikin uku na fentin ne ke zama a jikin mota, sauran ya bi iska, ya sauka a kan shanyar maƙwabta da cikin huhunka.

Ta biyu ita ce HVLP, mai kofi a sama. Ma'anar sunan shi ne iska mai yawa da matsi kaɗan. A bakinta matsin bai wuce PSI 10 ba, shi ya sa fenti ke sauka a hankali, aƙalla kashi 65 cikin 100 na zama a kan aiki. Ita ce ake yawan gani a bidiyo, ita muka saya. Amma fa ci gare ta. Yawancinsu suna buƙatar CFM 10 zuwa 15, wato lita 280 zuwa 420 a minti, ba tare da yankewa ba.

Ta uku ita ce LVLP, wato iska kaɗan da matsi kaɗan. Ita ma kofinta a sama yake, ita ma ba ta ɓarnar fenti, amma yawanci CFM 4 zuwa 8 ya ishe ta. Faɗin feshinta bai kai na HVLP ba, kuma za ka fi daɗewa a kan aiki. Ga wanda zai yi aiki a garejin gida da ƙaramar kwamfiresa, wannan ce ta fi dacewa da aljihunsa da wutarsa.

Game da suna kuwa, manyan da ƙwararru ke riƙewa su ne irin su SATA ta Jamus, Anest Iwata ta Japan da DeVilbiss. Suna da tsada ƙwarai. Idan aka miƙo maka mai irin wannan suna a farashin da bai wuce na cajar waya biyu ba, ka san jabu ce. Gara ka sayi mai matsakaicin farashi wadda aka rubuta yawan iskar da take ci a kwalinta, kuma ake samun allura da nozil ɗinta a kasuwa.

Girman nozil

Nozil shi ne ɗan ramin da fenti ke fitowa ta ciki, ana auna shi da milimita. Ga launi da kuma kiliya, wato man ƙyallin da ake ɗorawa a ƙarshe, 1.3 ko 1.4 ake amfani da shi. Firaima ta fi kauri, tana son 1.7 zuwa 2.0. Idan ka matsa firaima ta ƙaramin rami za ta riƙa toshewa, idan kuma ka zuba kiliya ta babban rami za ta riƙa gangarowa kamar hawaye. Shawarar masu sana'ar ita ce ka mallaki bindiga biyu: mai araha ta firaima, mai ɗan kyau ta launi da kiliya. Ko ɗan guntun busasshiyar firaima ya maƙale a cikin bindiga, a kan aikin ƙarshe zai fito.

Yadda za ka karanta jikin kwamfiresa

A nan ne aka fi yi wa mutane dabara. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali su ne girman tanki da ƙarfin doki, wato HP. Lambar da kake nema ita ce iskar da ke fitowa a zahiri, wadda wasu kamfanoni ke rubutawa da FAD. Wasu kuma abin da famfo ke zuƙa suke rubutawa, wanda ya fi abin da ke fita yawa. A ƙiyasi, kusan kashi biyu cikin uku na abin da aka zuƙa ne ke isowa gare ka. Kwamfiresa irin tamu, mai doki 2 da tanki lita 50, an rubuta mata kusan lita 200 a minti, amma abin da take bayarwa bai wuce lita 130 ba.

To yi lissafin da kanka. Bindigarmu tana cin kusan lita 340 a minti, famfo na ba da 130, giɓin lita 210 ke nan a kowane minti. Tanki lita 50 da ya sauka daga ba 8 zuwa ba 3 yana sakin iska lita 250. Raba 250 da 210, za ka samu minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Daidai lokacin da bindigarmu ta fara tofi ke nan. Da mun yi wannan lissafin a bayan takardar rasit, da Yaya bai yi mana dariya ba.

Ƙa'idar ita ce iskar da kwamfiresa ke bayarwa ta zarce abin da bindiga ke ci, da rarar kamar kashi ɗaya cikin uku, don injin ya riƙa samun hutu. Kowane doki ɗaya na gaskiya yana ba da CFM 3 zuwa 4 ne kawai, saboda haka duk wanda ya ce maka ƙaramin inji mai doki 2 zai ba ka CFM 15, labari yake ba ka. Idan burinka fesa mota sukutum da HVLP, kana buƙatar mai bel, doki 3 zuwa sama, da tanki lita 150 zuwa 200. Mai bel ta fi jure dogon aiki, ba ta cika zafi ba, ƙararta ma da sauƙi. Idan kuwa lita 50 ce ƙarfinka, ba laifi, haɗa ta da LVLP mai cin CFM 4 ka riƙa bin motar gaɓa-gaɓa: yau fenda, gobe ƙofa, jibi bamba.

Idan ta hannu za ka saya, duba ƙasan tanki ko ya yi tsatsa, ka tabbatar bawul ɗin da ke sakin iska idan matsi ya wuce kima yana aiki. Ka guji tankin da aka haɗa da walda daga tsohuwar tukunyar gas. Tanki mai ba 8 idan ya fashe ba ya yi wa kowa sallama. Sannan ka duba wutar da take ci. Tamu a nan bolt 230 ce, yayin da kayan gida da yawa da ake shigowa da su daga Amurka na bolt 120 ne.

Wace wuta za ta ja ta?

Wannan tambayar masu bidiyon ƙasashen waje ba sa yin ta, mu kuwa dole ne. Doki 1 wat 746 ne. Mai doki 2 tana cin kusan wat 1,500, mai doki 3 kusan wat 2,200. Amma a lokacin tashi injin yana fizgar ninki uku ko fiye na wannan. Ke nan ƙaramin janaretan nan na fanka da cajin waya, wanda bai kai wat 1,000 ba, ko motsa ta ba zai yi ba. Mai doki 2 tana son janareta kusan kVA 5, mai doki 3 kuma kVA 7 ko sama. Idan wutar NEPA ta zo da rauni ka ji injin na gurnani ya kasa tashi, kashe shi da sauri kafin koyil ya ƙone. Kada kuma ka ja masa doguwar siririyar waya. Ajiye shi kusa da soket, ka tsawaita tiyon iska.

Akwai kuma irin ta masu faci, mai injin fetur. Tana raba ka da zancen wuta, kuma da yawansu suna da iska sosai. Sai dai tsofaffinsu kan turo mai cikin iska, don haka sai da matata mai kyau, kuma a ajiye ta nesa da inda ake feshi.

Ruwa, mai da tiyo

Ɗigon ruwan da ya ɓata mana bonet ba daga sama ya zo ba. Iskar da kwamfiresa ke matsawa tana ɗauke da danshi, tana fitowa da zafi, idan ta huce a cikin tanki da tiyo sai danshin ya koma ruwa. A damina abin ya fi tsanani. Maganinsa uku ne. Buɗe 'yar kusar da ke ƙasan tanki ka zubar da ruwa kullum kafin aiki da bayansa. Sa matatar ruwa da mai, amma ba a bakin kwamfiresa ba, sai kamar mita 6 zuwa 8 daga gare ta, inda iska ta riga ta huce. Sannan ka ƙara 'yar ƙaramar matata a gindin bindiga. Mai kuwa, ko ɗigo ɗaya ne, yana sa fenti ya buɗe ƙananan ramuka zagaye kamar idon kifi.

Tiyo ma yana da nasa rawar. Siriri mai faɗin milimita 6 yana shaƙe iska, musamman idan dogo ne. Nemi mai milimita 10. Ka sa ɗan geji a gindin bindiga, ka daidaita matsi a lokacin da ka danne kunamar, domin abin da gejin kwamfiresa ke nunawa ba shi ne ke isowa hannunka ba. Kuma tiyon da aka taɓa amfani da shi da kayan aiki masu shan mai, kada ya kusanci fenti.

Yanayinmu ma sai an yi shawara da shi

A hunturu ƙura ce abokiyar gaba, tana sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna daram. A watan Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Kano ko Sakkwato, fenti kan bushe tun yana iska kafin ya isa jikin mota, sai aiki ya fito da kaushi. Fenti ya fi son digiri 20 zuwa 25. Shi ya sa masu sana'ar ke yin feshi da sassafe, su yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a lokacin zafi kuma su nemi tina mai jinkirin bushewa. Riƙe bindiga santimita 15 zuwa 20 daga jikin mota, kamar tazarar ɗani guda, hannunka na tafiya a miƙe, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Adadin haɗin fenti da hadina da tina kuwa yana jikin gwangwani. Bi shi da kofin awo, ban da ƙiyasin ido.

Huhunka ba shi da safaya

Wannan ɓangaren don Allah kada ka tsallake shi. Fentin da ake kira 2K, wanda ake haɗawa da hadina, yana ɗauke da sinadarin isosayanet. Shaƙarsa na jawo asma, kuma idan jiki ya riga ya ƙi shi, ko kaɗan ka sake shaƙa sai numfashi ya sarƙe. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta sa masu feshin mota cikin waɗanda suka fi kamuwa da asmar wurin aiki, kuma abin da ta wajabta musu shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Takunkumin korona ko ɗaura hankici ba sa tare komai a nan. Shan madara bayan aiki, da ake cewa yana wanke ƙirji, shi ma ba ya yi, domin madara ciki take tafiya, ba huhu ba.

Idan ba ka da halin irin wancan takunkumi, mafita mai hankali ita ce ka yi gyaran jiki da fila da guga a gida, ka koyi hannu da fentin da ba ya buƙatar hadina kana sanye da takunkumin roba mai matatar gawayi, sannan ka kai feshin 2K ɗin wurin masu ɗakin feshi. Rufe idonka da tabarau, hannunka da safar roba. Kada ka yi feshi a tsakar gida inda yara da Mama ke zaune, ko kusa da kicin. Tururin tina yana kama wuta daga nesa, saboda haka janareta, murhu da sigari duk su yi nisa.

Kafin ka miƙa kuɗi

Fara da wutar da kake da ita, ita za ta faɗa maka girman kwamfiresar da za ka iya ja. Kwamfiresa ta faɗa maka bindigar da za ka saya. A kasafinka kuma ka ware kuɗin matata, tiyo, geji da takunkumi tun farko, kada su zama abin da za a saya idan canji ya rage. A shago ka ce a kunna maka injin ka ga minti nawa yake ɗauka kafin ya cika, ka saurara ko iska na zurara ta wani wuri. Idan mai kaya ya kasa nuna maka lambar iska a rubuce, yi masa godiya ka ƙara gaba. Araha dai ba ta ado.

Idan launin motar za ka maimaita, lambarsa na jikin 'yar takardar da ke gefen ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. A motocin Toyota, misali, 040 fari ne, 202 baƙi. Da wannan lambar masu haɗa fenti za su haɗa maka. Idan kuwa sauya launi za ka yi gaba ɗaya, sai ka je ofishin rajistar motoci a gyara takardu, kada ka gama ƙawata mota ka kwana kana yi wa jami'an hanya bayani.

Gwajin farko kuma kada ya zama a motar kowa. Gwada a kan kwali tukuna. Feshi mai kyau yana fita dogo, cikinsa a cike daidai. Idan ya lanƙwashe kamar ayaba, wani ramin iska ya toshe, sai ka wanke da tina da burushi mai laushi, ban da tsokana da waya ko allura. Daga kwali sai ka nemi tsohuwar ƙofar mota a wajen 'yan gwangwan ko kasuwar kayan gyara, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka fesa, ka goge, ka sake fesawa.

Mu dai abin da muka yi ke nan. Mun sayar da HVLP ɗin, mun sayi LVLP mai nozil 1.3, mun ƙara matata da tiyo mai faɗi, kwamfiresar kuma ita ce dai ta da. Tsohuwar ƙofar da muka sayo ta sha feshi sau biyar, kuma a na biyar ɗin ne na fara ganin fuskata a jikinta. Duk ranar Asabar ina zuwa garejin mutumin da ya gyara mana ɓarnarmu, ina riƙe masa tiyo ina kallon hannunsa. Yaya ya ce idan an yi hutu na gaba zai ba mu bambar baya, bonet kuwa sai ya ga yadda ta kaya.